Me Ya Sa Altum Ya Ƙi Ruwan Da Scalare Ya Karɓa

Ɗana, jiya ka tambaye ni me ya sa kifayenmu na ado da ake kira scalare suke ta zuba ƙwai, amma altum da muka saka a ruwa iri ɗaya sun daina cin abinci, alhali 'yan gida ɗaya ne. Gaskiyarka, dangi ne, dukkansu daga jinsin kifin da ake kira Pterophyllum. Sai dai ba kogi ɗaya ya raine su ba.

Altum ɗan baƙin ruwa ne, daga saman kogin Orinoko da Riyo Negro a Kudancin Amurka. Ruwan can kamar shayin da ba a zuba wa madara ba, domin ganye da saiwoyi suna ruɓewa a daji, ruwa ya jiƙa su ya ɗebo tsaminsu. Ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, yakan kai 4 ko 5, kalsiyam kuma kusan babu, don ƙasar tsohon yashi ce da ruwan sama ya gama wankewa. Kusa da Manaus a Brazil, wannan baƙin ruwa yana haɗuwa da kogin Solimoes mai laka da ke gangarowa daga tsaunukan Andis, su yi wajen kilomita 6 suna tafiya gefe da gefe ba su gauraya ba. Kifi ma yana jin wannan iyakar a jikinsa.

Ruwa mai tsami haka yana zuƙe gishirin jikin kifi ta wurin da yake numfashi a gefen kansa. Kifin Negro jikinsa ya saba riƙe gishirinsa. Abin da bai saba da shi ba shi ne ƙwayoyin cuta, don tsamin ba ya barin su su yi yawa. Ka jefa shi cikin ruwan da ba shi da wannan tsamin, cutar da scalare ba zai ko kula ba ita za ta kwantar da shi. In ma ya yi ƙwai, da wuya su ƙyanƙyashe.

Shi kuwa scalare ya bazu a koguna iri-iri, kuma an daɗe ana kiwonsa a tanki, kaka da kakanni.

Ni dai ina jin zafin ganin an wahalar da altum saboda gaggawa. Gobe ka ware musu tanki, ka cika shi da ruwan da na'ura ta tace, ka zuba busassun ganye har ya yi duhu. Kada ka sauya musu ruwa a tashi ɗaya. Kaɗan-kaɗan, kana aunawa kullum da safe, kana rubuta min abin da ka samu.