An ce in biya a ba ni lambar yabo a sa ni cikin manyan mata. In biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 14 ina aiki, yanzu ni ce shugabar sashe a ma'aikatarmu. Sau biyu ana tsallake ni wajen ƙarin girma, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce aikina ba shi da aibu, ba a dai san ni ba ne. Ina cikin zaurukan WhatsApp na mata ma'aikata har shida, na kuma yi shekara biyu da wata mai ba ni shawara. Makon jiya aka turo min imel wai an zaɓe ni cikin "fitattun mata shugabanni 100", za a ba ni lambar yabo a sa ni a ƙungiyarsu, amma sai na biya abin da ya kai albashina na wata biyu kafin Juma'a. Abokan aikina biyu sun biya. Wallahi hankalina a tashe yake, ina tsoron kada a sake barina a baya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki biya, ki bar Juma'ar ta zo ta wuce. Wa'adin nan shi ne ƙugiyar, so suke kuɗin ya fita kafin ki samu sukunin yin tambaya.

Abin takaici a wannan harka shi ne yadda mata masu ilimi, waɗanda ba sa sa hannu a takardar kwangila sai sun bi ta layi-layi, suka yarda cewa sanayya haja ce da ake saye. Wai in kin biya, an ɗauke ki hoto riƙe da allon gilashi kusa da wata babba, shi ke nan kin shiga sahu. Ga yadda sana'ar take. Ana kwashe sunaye da muƙamai daga LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, da shafukan ma'aikatu, a aika wasiƙa iri ɗaya ga ɗimbin mata, suna kawai ake sauyawa. Wadda ta biya ita ce fitacciya. Ranar taro zauren zai cika maƙil da mata irinki, kowacce ta zo neman wadda za ta ɗaga ta, babu mai ɗagawa ko ɗaya. Babbar baƙuwar da aka buga hotonta a takardar gayyata, in ma ta zo, jawabi za ta yi ta fice ta ƙofar baya. Washegari a jefa ku cikin zauren WhatsApp na bakwai, a ci gaba da barka da safiya da tallar taro na gaba.

Kuma asarar ba ta tsaya a kuɗi ba. Manyan da ke zama kan ƙarin girmanki su ma ana turo musu irin wannan imel, sun san farashin lambar. Ranar da suka gan ta a takardar tarihin aikinki, abin da za su karanta shi ne cewa ana iya ruɗar ki da yabo. Wadda ake tunanin danƙa wa kasafin kuɗi da ma'aikata ba ta buƙatar wannan tabo.

In kina son tabbatarwa da kanki, mayar musu da tambaya huɗu a rubuce. Wa ya miƙa sunana? Su wane ne alƙalan, da sunayensu? Mutum nawa aka tantance, nawa ba su yi nasara ba? Sannan babbar: in ban biya ko sisi ba, lambar tana nan a matsayin tawa? Akwai gasar gaske da ke karɓar kuɗin shiga, amma kafin alƙalanci ake biya, kuma mai biya tana iya faɗuwa. Inda aka ce kin ci, amma sai kin biya za a tabbatar, ciniki ne tsagwaronsa.

Akwai ƙanwar wannan damfara da ta fi ta muni, ita ma da sunan 'yan'uwantakar mata take zuwa. Da'ira ce ta mutum 15: ɗaya a tsakiya, biyu, huɗu, sai sababbi takwas da za su ba ta tsakiya "kyauta". Ki yi lissafin. Kafin takwas ɗin nan su karɓa sai an samo 64, su kuma sai an samo 512, bayansu 4,096. A jihar Connecticut ta Amurka, a 2013, kotun tarayya ta samu wasu mata da laifi kan irin wannan, inda kowacce sabuwa ke zuba dala 5,000 da alkawarin karɓar dala 40,000. Duk ƙungiyar da ta ce ribarki tana cikin kawo wasu mata, ki tattara ki fita.

Ba wai duk mai karɓar kuɗi ɗan damfara ba ne. Cikin ƙungiyoyin mata na duniya, Zonta tun 1919 take, Soroptimist tun 1921, kuma 'ya'yansu na biyan kuɗin shekara, amma suna da tsarin mulki da zaɓaɓɓun shugabanni. International Women's Forum, wadda aka kafa a 1974, sai da gayyata ake shiga. Chief, ƙungiyar manyan mata shugabanni da aka buɗe a New York a 2019, tana karɓar dubban daloli a shekara, ta kuma faɗi abin da take sayarwa a fili: zama a kai a kai da takwarori tare da mai horarwa. Sai dai ko waɗannan ba su da kujera a ɗakin da ake yanke hukunci a kanki.

To nan ne ainihin ciwonki yake. Mai ba da shawara daban, uwar ɗaki ko ubangida a wurin aiki daban. Ta farko da ke take magana, ta biyu a kanki take magana lokacin da ba kya nan, ta sa mutuncinta jingina ta ce "ku ba ta, ni na tsaya mata". Binciken da Catalyst, cibiyar nazarin halin mata a wurin aiki, ta yi kan mutum sama da 4,000 masu digiri na biyu a harkar kasuwanci, wanda Herminia Ibarra da abokan aikinta suka yi sharhi a kai a 2010, ya nuna mata sun ma fi maza samun masu ba da shawara. Amma na mazan sun fi girman muƙami, kuma mazan ne suka fi samun ƙarin girma. Shawara ta yi wa mata yawa, masu tsaya musu ne babu.

Ba a roƙon wannan matsayi da baki, kuma nan mata da yawa ke tuntuɓe: haɗuwar farko sai su ce "ina so ki riƙe ni". Ba wanda zai jingina sunansa kan aikin da bai gani ba. Ki fara da gano su wa ke zama a kwamitin ƙarin girma, da watan da ake haɗa sunaye, domin maganar takan ƙare tun kafin a kira zama. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki ba kanki aƙalla wata shida. Cikin masu zaman ki zaɓi biyu ko uku, kada ki tsaya kan mutum ɗaya, don ritaya ko sauyin wurin aiki na iya raba ki da shi dare ɗaya. Kada kuma ki ce sai mace, in mafi yawan masu zama a ɗakin maza ne. Ki sa mu'amalar a ofis, a lokacin aiki, kan maganar aiki. Ki nemi aikin da zai kai rahotonki teburinsu, musamman wanda ya haɗa sassa ko ya shafi kuɗin shiga, ba shirya liyafa da rubuta bayanan taro ba, waɗanda ake yawan jibga wa mata ba kuma a lissafa su. Bayan kowane aiki ki aika saƙo layi biyar: abin da aka sa ki, abin da kika yi, sakamakon da alƙaluma. In lokaci ya yi, buƙatarki ta zama guda kuma takamaimai: "Ranka ya daɗe, ina neman kujera kaza a zagaye mai zuwa. Me kake ganin ya rage min, kuma za ka ambaci sunana?"

Zaurukanki shida kuwa, ki duba ko ba fuskoki ɗaya ne ke zagayawa a cikinsu ba. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga wanda ake haɗuwa da shi jefi-jefi, don aminanki abin da kika sani su ma shi suka sani. Wani bincike na 2019 da Brian Uzzi da abokansa suka yi kan ɗalibai 728 ya ƙara wani abu game da mata: waɗanda suka fi samun manyan muƙamai su ne masu faffaɗar sanayya, sannan suna da aminai mata biyu zuwa uku da kowacce ke da nata mutanen daban. Su ne masu faɗa miki abin da ba a rubutawa, kamar nawa ake biyan mai irin kujerarki, da wane shugaba ne ke danne mata.

Saboda haka ki riƙe zaure biyu, ki rufe bakin sauran. In kina son zama na gaske, haɗa mata 8 zuwa 12 daga ma'aikatu daban-daban, irin tsarin da'irorin Lean In, na mata masu taimakon juna a wurin aiki, da aka fara a 2013, kuma ba a biyan kuɗin shiga. Zama sau ɗaya a wata, awa ɗaya da rabi, mutum biyu su kawo matsala, kowacce ta tashi da alkawari guda da za a tambaye ta a zama na gaba. Abin da ke kashe irin wannan da'ira shi ne fitar sirri da shigowar talla, don haka ku haramta su tun ranar farko.

Abokan aikinki da suka biya, ki gaya musu a keɓe su nemi a mayar musu da kuɗinsu a rubuce, in ta kati suka biya su tuntuɓi bankinsu da wuri, kuma kada lambar ta shiga takardunsu na neman ƙarin girma.