Aikin sa kai a gonar 'ya'yan itace lokacin hutu

Malam, ka tambaya ko ya dace ka yi hutunka a gonar da ba a sa takin zamani a Tailan, ni dai na ce ka je wallahi. Tsarin WWOOF, wato shirin haɗa masu aikin sa kai da irin waɗannan gonaki da aka fara a Ingila a 1971, haka yake: kana aikin awa 4 zuwa 6 a rana, cire ciyawa, haɗa takin gargajiya, tsinkar ayaba da gwanda, masu gonar kuma su ba ka abinci da wurin kwana amma fa ba albashi. Zafin can da gumi yake, ba irin namu na Kano ba. Ka tambayi mai gonar maganar abincin halal da lokacin sallah tun kafin ka sayi tikiti, sannan ka tabbatar bizarka ta yarda da aikin.