Amsa ga mai tambaya kan ɗan filas ɗin aljihu na silba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce an kawo maka tsarabar ɗan filas ɗin nan na silba, mai faɗi kamar wayar hannu, bayansa a ɗan lanƙwashe, kana so ka san ko za ka iya zuba ruwan sha a ciki in za ka gona, kuma ko ba ya cutarwa. Na riƙe irinsa kusan shekara 3 ina zirga-zirga a kan babur, Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Cutarwa dai ba ya yi, in silbar ta kirki ce. Irin ƙarfen kofin silba ne da muke shan ruwa da shi a gida, kuma sunan ne kawai, ba azurfa ba ce balle a ce an hana sha a cikinta. Juya gindinsa ka duba. In ka ga an buga 304 ko 18/8, wannan ne mai kyau, wanda ba ya saurin tsatsa. Na farkon da na saya ba a buga masa komai ba, araha ta ja ni, kafin damina ta fita ruwan ya fara ɗanɗanon ƙarfe. Na haska tocila a bakinsa sai ga jan tsatsa a layin waldar ciki. Na yar da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne girmansa. Yawancinsu za ka ga an rubuta 6 oz ko 8 oz, wato tsakanin mililita 180 zuwa 240. Ledar fiya wata guda mililita 500 ce. Ka ga ke nan ko rabin leda bai cika ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan Jigawa, mutumin da ke sharar gona kurɓa uku zai yi masa ya ƙare, ƙishirwar tana nan daram. Alwala kuwa kar ma ka fara. Sannan bangonsa ɗaya ne, ba kamar filas ɗin shayi mai bango biyu ba. Ka cika shi da ruwan randa mai sanyi da asuba, kafin hantsi ya ɗauki zafin jikinka, in ka manta shi a kan tankin babur kuwa sai dai ka nemi ganyen shayi. Iyayenmu da suka riƙe gora da salka ba wauta suka yi ba. Salka tana tsattsafo kamar randa, iska na bugunta ruwan na ƙara sanyi. Ƙarfe ba ya tsattsafo.

Akwai kuma abin da mai tsarabar wataƙila bai gaya maka ba. Turawa don barasa suka ƙera wannan abu, shi ya sa yake ƙarami mai ɓuya a aljihu. Ni ma ban sani ba sai da wani dattijo da ya daɗe yana ci-rani a Legas ya ga na zaro shi a rumfar masu hatsi na kafa kai. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, me ke cikin nan?" Sai da na tsiyaya masa a tafin hannu ya shinshina, sannan muka yi ta dariya. Tun daga ranar ba na fito da shi cikin jama'a. In kuma na hannu ne aka ba ka, ba sabo ba, ka wanke shi sosai kafin ka kai baki.

Wankin ma aiki ne, don bakinsa ko ɗan yatsa ba ya shiga. Ni nakan zuba ruwan zafi da ɗigon sabulu da ɗanyar shinkafa kaɗan, in girgiza, in ɗauraye, in kife shi a buɗe ya bushe. Kar ka jiƙa shi da Hypo ko ruwan gishiri, suna cin ƙarfen. Kunu, fura, zoɓo, nono, duk kar ka gwada. Na taɓa zuba kunun zaƙi, na yi mako ina fama da tsamin. Ka riƙa duba 'yar robar cikin murfin ma, ita ce ke fara lalacewa ya riƙa yoyo a aljihu. Wajen cikawa a famfon tuƙa-tuƙa sai da mazurari, in ba haka ba rabin ruwan a ƙafarka zai ƙare.

Yanzu amfaninsa a wurina guda ne. Ina shan maganin hawan jini, to shi nake haɗiyar ƙwaya da shi a hanya, ba sai na nemi mai fiya wata ba. Ruwan gona kuwa jarka ce mai lita 4, na ɗinke ta da tsohon buhun algarara, in jiƙa buhun in rataye ta a reshen darbejiya. Har la'asar da sauran sanyinta. In ka duba gindin naka, ka faɗo mana lambar da ka gani.