Baba bai tsufa da aikin kare muhalli ba

Malama, kin tambaya ko mahaifinki mai shekara 70 ya tsufa da shiga aikin yaƙi da sauyin yanayi a unguwarsu. Ko kaɗan. Ai tsananin zafi ya fi yi wa dattawa illa, don jikinsu ba ya fitar da gumi kamar na matasa. Da wannan hujja tsofaffin mata sama da 2,000 na Suwizalan suka kai ƙarar gwamnatinsu Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai kan gazawarta wajen yaƙi da sauyin yanayi, kuma a Afrilun 2024 kotun ta ba su gaskiya.

Kada dai a bar Baba da haƙa rami a tsakar rana. Ya riƙe ban ruwan dashe da sassafe, ya nuna wa matasa inda ruwa ke kwanciya lokacin ambaliya. Shi ya ga na baya da idonsa.