Kada ka tura masa ko sisi kafin ka san kamfaninsa

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka, wai wani a Guangzhou ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar maka da gem ɗin wayar da ka haɗa kasuwar Chaina cikin wata biyu, sai da gabana ya faɗi. Irin maganar da aka yi mana ke nan a 2021.

Mu uku muka haɗa namu bayan mun gama karatu a can. Mutumin da ya karɓi aikin ya ci abinci a ɗakinmu, har yana kirana ƙaninsa. Muka tattara abin da muke da shi, har da kuɗin da mahaifiyata ta sayar da filinta ta ba ni. Wajen watan Yuli hukumar NPPA, mai kula da harkar wallafa a Chaina, ta daina fitar da lasisin gem, ba ta dawo ba sai Afrilun 2022, na ƙasashen waje kuwa sai Disamba. Wannan ba laifinsa ba ne, na yarda. Abin da ya ƙona min rai shi ne duk tsawon watannin nan yana cewa takardunmu na kan teburi, mu ƙaro kuɗin fassara. Ashe bai taɓa miƙa komai ba, ba shi ma da izinin wallafa gem. Ranar da na gane, ina zaune a tashar jirgin ƙasa har dare, na kasa kiran gida. Me zan ce wa Hajiya? Har yau idan aka ambaci filin nan sai in tashi daga wurin.

Baƙo ba ya neman lasisin nan da kansa, dole ta hannun kamfanin ƙasar mai izini. To ka tambayi sunan kamfanin da gem ɗin da ya taɓa fitarwa, domin hukumar tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su. Ka duba da idonka. Ko Apple ya cire dubban gem marasa lasisi daga shagonsa na Chaina a ƙarshen 2020.

Ka ce naka na harbi ne. Ka tuna PUBG Mobile, duk ƙarfin Tencent, babban kamfanin gem na Chaina, sai da ya janye shi daga ƙasar a Mayun 2019 ya kawo Game for Peace, inda wanda aka harba yake ɗaga hannu ya yi bankwana, ba jini. Kai da kake farawa fa?

Kuma idan yara kake hari, tun Satumban 2021 a Chaina ɗan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai yake samu a gem na intanet, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu, da rajistar sunan gaskiya. A matsayina na uba yanzu, wallahi ban ga aibin dokar nan ba, ina ma ƙanena ya samu irinta lokacin da gem ya cinye masa jarrabawa.

Kada ka taɓa kuɗin iyaye, don Allah. Kuma ainihin rubutun manhajar ya zauna a hannunka, mu namu mun miƙa shi tun ranar farko.