Babur ya ɗauke wuta ɗungurungum: kada ka taɓa jari tukuna

Wani ɗan kasuwa da ke ɗaukar kaya daga Kasuwar Barci zuwa shaguna a Rigasa ya ce Boxer ɗinsa ta ɗauke wuta gaba ɗaya bayan ruwan sama, ba hon, ba fitila. Mai wayarin ya ce sai an canza batir da wayoyi duka. Yana tambaya ko ya ciri kuɗin daga jari.

Malam, dakata tukuna. Idan komai ya mutu lokaci guda, galibi wuri ɗaya ne ya katse, kuma sau da yawa abin bai kai kuɗin man yini ba.

Buɗe murfin gefe ka zaro fiyus da ke kusa da batir. Ɗaga shi a haske. In siririn ƙarfen ciki ya tsinke, sa sabo mai lamba iri ɗaya, in 10 ne 10, in 15 ne 15. Don Allah kada ka yarda a naɗa masa waya ko takardar sigari. Wannan dabarar ce ke ƙona wayarin ɗin da kake gudun saya. In sabon ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma yawanci a wuyan babur take, inda kan ke juyawa.

Fiyus lafiya? Duba kawunan batir. Farin gari ko kore-kore a kansu yana hana wuta wucewa. Kankare, ka ɗaure tamau. Bi wayar da ta tashi daga kan batir mai alamar ragi (−) zuwa jikin ƙarfen babur, tsatsa na cin wurin da damina. Sai makunni, wanda ruwa kan shiga.

Batir kuwa, kada a yanke masa hukunci da ido. A ɗora masa mitar auna wuta a gabanka: lafiyayye yana nuna kusan volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. In ya haura 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ce ke dafa shi, sabon batir ma haka za ta yi masa. In lambar ba ta ɗaga ba bayan an tayar da inji, caji ne ba ya zuwa.

Biya kuɗin dubawa daban, ka ji ta bakin mai wayarin na biyu kafin ka sayi komai, kuma duk abin da aka cire a miƙo maka shi. In ta tabbata batir ne, ciri daga ribar mako, ka karɓi rasit, ka bar kuɗin kaya a inda suke.