Hukuncin kallon fina-finan Hausa domin nazarin yadda suke nuna al'adunmu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na jami'a. An ba ni aikin rubuta kundi a kan yadda fina-finan Kannywood suke nuna al'adun Bahaushe. Dole sai na kalli fina-finai da dama, wasu da rawa da waƙa a ciki, kuma sai na ambaci sunayen masu shiryawa na faɗi inda suka kauce. Yayana ya ce aikin haramun ne daga tushe, sukar kuma giba ce. Malam, ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗiyata, Allah ya yi wa karatunki albarka, ya saka wa yayanki da alheri a kan kishinsa. Amma maganarsa tana buƙatar gyara.

Aikinki ya halatta, da sharuɗɗan da zan faɗa. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar surarsa, wato wanda bai san abu ba ba shi da bakin yanke masa hukunci. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi, ya ce mutane suna tambayar Manzon Allah (SAW) game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi. Bukhari da Muslim suka ruwaito. To sana'ar da ta faro tun 1990 da fim ɗin Turmin Danya, wadda yau take cikin wayar matar aure a ɗaki da ta yaro ɗan firamare, daga Kano har Damagaram da zangon Kumasi, ba za a ce duk masu tsoron Allah su kau da kai, a bar nazarinta ga wanda bai damu da halal da haram ba. Mun ga ƙurar da ta tashi a 2016 kan ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a garin Kofa na Jihar Kano, har aka janye shirin. An yi ta muhawara, kuma da yawa daga cikinmu, ni ma ban cire kaina ba, da ji muke magana, ba da gani ba.

Sharaɗin farko, ki kalla gwargwadon buƙata. Fim ɗin da yake cikin jerin aikinki shi ne naki, ba ki mai da kundin hujjar kwana a gaban waya ba. In aka zo wurin rawa, inda saurayi da budurwa suke zagaye bishiya a lambu suna canza kaya sau huɗu cikin waƙa guda, kin riga kin gane abin da ake nunawa cikin daƙiƙu kaɗan. Rubuta abin da kika lura da shi ki wuce gaba. Umarnin runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30 da 31, ya hau maza ya hau mata, kuma allon waya bai ɗauke shi ba. Sallah kuma ba ta jiran fim ya ƙare.

Sai ainihin nazarin, nan ne nake son ki tsaya da kyau. Kada ki ɗauka duk abin da ake kira al'adar Bahaushe Musulunci ne, ko duk abin da aka aro haramun ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littattafansa Nurul Albab da Ihya'us Sunna, ya yi ta sukar al'adun da ya tarar a ƙasar Hausa, alhali na gida ne, ba baƙi ba. Bori namu ne, tsafi namu ne, hana mace gado ya daɗe a wasu gidaje, kuma shari'a ba ta yarda da ko ɗaya ba. A gefe guda, kunya, da durƙusa wa iyaye wajen gaisuwa, da sallama a zaure kafin a shiga gida, da uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, waɗannan al'adu ne da shari'a ta ƙarfafa wasunsu ta kuma yi shiru a kan wasu. Rawar da aka kwaso daga fina-finan Indiya, wadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan asalinta, laifinta a wurin shari'a cakuɗuwar maza da mata ce da bayyana ado, ba don ta fito daga Indiya ba. Saboda haka ki riƙe ma'auni biyu daban: wannan haka Bahaushe yake yi kuwa? Sannan, shari'a ta yarda da shi? Kada ki cuɗa su.

Haka kuma nuna mummunan abu daban, ƙawata shi daban. Fim ya nuna mace ta lallaɓa wurin boka saboda kishiya, ga jan ƙyalle ga ƙwarya ga hayaƙi, ya ce ta kawo baƙin bunsuru. Idan labarin ya bi ta har inda abin ya koma kanta, wannan ya faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a garuruwanmu, ya kuma yi gargaɗi. Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin matar Aziz da makircinta. Amma idan boka ne ya ci nasara, aka tashi mai kallo yana jin cewa can ne biyan buƙata take, to fim ɗin ya yi wa shirka talla, kuma wajibi ne ki faɗa. Akwai wata ƙarya ma da ba a cika kula da ita ba: fim bayan fim, gida mai bene, falo kamar fada, mota uku a tsakar gida, sai yarinyar ƙauye ta raina ɗakin mijinta. Ki rubuta wannan ma.

Batun giba kuwa, abin da mutum ya shirya ya saka a kasuwa don duniya ta gani, sukarsa ba giba ba ce. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton mutum ya halatta, cikinsu akwai gargaɗin Musulmi da nasiha gare su, da kuma ambaton abin da mutum ya bayyana da kansa. Sai dai iyakarki aikin. Ki ce darakta wane ya nuna biki ba yadda ake yinsa ba, ko ya sa mata shigar da ba ta dace ba. Amma ki ce jaruma wance 'yar iska ce saboda ta fito a matsayin karuwa, wannan ya fita daga nazari, yana iya kaiwa ga ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne a aya ta 4 ta Suratun Nur. Jita-jitar Facebook da TikTok a kan aurensu da sakinsu ba ta da gurbi a kundinki. Inda suka kyauta kuma ki faɗa, domin Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci.

In kin gama, ki nemi hanyar isar da kwafi ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Ki kuma ba yayanki ya karanta.

Wallahu a'alam.